Ɗan Goggo Zai Shiga Intabiyu a Gwadabawa

Gaisuwa irin ta ubangida ga yaronsa, tare da fatan kana lafiya, kai da babur ɗinka da 'yan jarkokin da suka rage maka. Ka gaishe mini da Goggo da kyau, ka ce ina taya ta haƙurin zama da kai, Allah ya ba ta lada.

Labari ya iso mini nan Sakkwato cewa ka ci jarrabawar shiga Kwalejin Fasahar Kiwon Lafiya ta Sultan Abdurrahman da ke Gwadabawa, har an kira ka intabiyu. Da farko na ɗauka wani mai irin sunanka ne. Da aka rantse mini kai ne, sai na ce lalle ƙasar nan ta matsu da ma'aikatan lafiya. Duk da haka, barka. Kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da lissafi da darussan kimiyya ba a sayen su a kasuwar Lahadi, ko da yake kai sai da WAEC ta ba ka rabi, NECO ta ji tausayin Goggo ta cika maka sauran.

Tunda girman kai ya hana ka zuwa ka durƙusa ka nemi shawara, zan ba ka ita a bainar jama'a, domin sauran yaran da za su zauna gaban kwamiti su ci albarkacinka. In kunya ta kama ka, da ma ita nake nema.

An ce ka samo wata amsa a intanet, ka kwafe ta a bayan takardar lissafin canji, kana rera ta a zaure dare da rana har awakin Goggo sun daina shigowa. Wai idan aka tambaye ka abin da ya sa kake son aikin lafiya, za ka ce tun kana ƙaramin yaro kake da burin taimakon bil'adama. Ɗan Goggo, ka ji tsoron Allah. Ni fa na san ka tun kana yawo ba wando. Burin da na san ka da shi a lokacin shi ne ka zama yaron mota a layin Ƙonni, ka riƙa lilo a bayan a-kori-kura kana kiran fasinja. Taimakon da na ga ka yi wa bil'adama kuwa a bakin akushi ne, kana rage musu wahalar cinye tuwo.

Matsalar wannan amsa ba ƙaryar da ke cikinta kaɗai ba ce. Yaron da zai shiga gabanka ita ya haddace, yarinyar da za ta shiga bayanka ma ita ce a bakinta. Mutanen da ke bayan teburin nan tsofaffin malaman asibiti ne, wasunsu sun yi aikin sha-ka-tafi a ƙauye tun ba a haife ka ba, kuma sun ji wannan waƙa har ta gundure su. Da ka gama rerawa, ɗaya daga cikinsu zai gyara tabarau ya ce: to madalla, wane mutum ka taimaka a makon jiya, kuma da me? Nan haddarka za ta ƙare, ka koma kallon silin kana neman sauran a can.

Bari in lissafa maka dalilan da ni na sani, don ka san ba a ɓoye wa taubashi komai.

Na farko, kasuwa ce ta juya maka baya. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, sai a Disambar 2020 aka buɗe guda huɗu, Illela na cikinsu tare da Seme da Maigatari da Mfum. Ka ɗan farfaɗo, har ka sake fentin babur. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka ce tallafin mai ya tafi, jarkokinka suka koma na ɗiban ruwa. Ba a rufa wata biyu ba sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum a Yamai ranar 26 ga Yuli, aka sake garƙame iyaka har zuwa Maris na 2024, manyan motoci suka yi jerin gwano kaya na lalacewa a cikinsu. Ka koma canjin sefa, sefar ta yi fiffike ta bar ka da naira a hannu. A nan ne fa son bil'adama ya taso maka gadan-gadan.

Na biyu, farar riga. Tun lokacin da ka riƙa tsare wa abokinka kemis idan ya tafi Juma'a, tsofaffi suka fara ce maka dokta, kai kuma kana amsawa da ƙarfi ba ko kunyar Allah. Ka rataya abin sauraren ƙirji a wuya alhali ba ka san ta gefen da ake sa shi a kunne ba. Mai ciwon kai ka ba shi kafso ja-da-rawaya, mai ciwon ciki shi ma ja-da-rawaya, wanda babur ya kayar ka ce a fasa kafson a barbaɗa masa. Wanda ya zo da kuɗi da yawa kuwa ka ce jikinsa na neman ƙarin ruwa. Ina roƙonka da girman Allah kada ka kai wannan gaban kwamiti da sunan ƙwarewa. Lasisin mai kemis bai ba shi izinin yin allura ba, balle ɗan tsaron kemis. In ka yi alfahari da shi, ka kai ƙarar kanka da bakinka.

Na uku, ba zan faɗi sunan unguwar ba, amma kowa ya ji abin da baban yarinyar da kake nema ya ce: ba zai ba ɗan kabu-kabu 'yarsa ba, sai ma'aikaci mai albashi. Wannan dalili ne mai ƙarfi, ni ma na girmama shi, don ya sa ka buɗe littafin kimiyya, abin da bulalar makaranta ta kasa. Sai dai ka bar shi a aljihu.

To me suke nema da wannan tambaya? Kai ɗan Illela ne, ka san yadda dillali ke sayen rago a kara ranar Lahadi: ba ya kallon ƙaho da kitson gashi, baki yake buɗewa ya duba haƙori. Haka kwamitin nan yake. Kwalliyar maganarka ƙaho ce. Abin da suke dubawa shi ne ko ka san aikin da kake nema, ko za ka tsaya inda aka ce ka tsaya, kuma ko za ka zauna inda aka tura ka bayan an ɓata shekara uku ana koya maka.

Tunda na san ka ɗauka aikin ya fara ne ranar da ka sayi fom, bari in ba ka tarihi kyauta. Duniya ta daɗe da gane cewa likitoci ba za su taɓa isar kowane ƙauye ba. A Amurka, cikin 1965, wani likita mai suna Eugene Stead ya ɗauki tsofaffin ma'aikatan jinya na sojan ruwa guda huɗu a Jami'ar Duke, ya horar da su su zama mataimakan likita, kuma daga nan aikin ya bazu a ƙasar. Har yau idan yaro ya je neman shiga irin wannan makaranta a can, sai an tambaye shi abin da za a tambaye ka a Gwadabawa: me ya kawo ka, kuma me ya sa wannan aiki ba likitanci ba? Gana da Kenya ma suna da irin waɗannan ma'aikata na tsakiya da ke riƙe da asibitocin karkara. A Satumbar 1978 ƙasashen duniya suka taru a Alma-Ata, cikin tsohuwar Tarayyar Sobiyet, suka amince cewa kiwon lafiya matakin farko shi ne ginshiƙi, wato a kai magani da riga-kafi kusa da gidan talaka. A nan gida, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ne ya ɗauki abin a ka lokacin da yake ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992. A 1992 ɗin aka kafa hukumar bunƙasa kiwon lafiya matakin farko ta ƙasa, aka kuma kafa hukumar da ke yi wa ma'aikatan lafiyar al'umma rajista, wadda sai ka ci jarrabawarta za ka riƙe lasisi.

Tsanin aikin hawa uku ne. Akwai ƙaramin ma'aikacin lafiyar al'umma mai karatun shekara biyu, akwai mai difloma ta shekara uku wadda kake nema, sannan akwai jami'in lafiyar al'umma, wanda bayan ya yi aiki yakan koma asibitin koyarwa, irin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke nan Sakkwato, ya ƙaro karatu. Dukkansu da kundin umarnin aiki suke duba maras lafiya. Kundin ya jera koken da mutum ya zo da shi, da abin da aka gani da aka duba shi, da hukuncin da za a yanke, da matakin da za a ɗauka. A wurare da yawa matakin kalma ɗaya ce tak: a tura shi gaba. Na san wannan zai yi maka ciwo, kai da ba ka taɓa cewa ban sani ba tun da aka yanke maka cibiya. Amma ma'aikacin da ya ga mai ciki fuska a kumbure, kai na sara mata, awon jini ya hau, ya rubuta takarda ya nemo mota zuwa babban asibitin Illela kafin jijjiga ta kama ta, ya yi aikinsa cikakke. Wanda ya riƙe ta don kada a ce ya kasa, shi ne ake taruwa a gidan mutane saboda shi.

Saboda haka idan suka ce me ya sa ba ka nemi likitanci ba, kada ka ce kana nan ne kafin Allah ya buɗa maka hanyar jami'a. Na farko, ni da kai mun ga makin JAMB ɗinka, ko an haɗa da na maƙwabcinka ba zai kai ka karatun shekara shida ba. Na biyu, ka gaya musu ke nan a fakaice cewa makarantarsu rumfa ce da za ka fake kafin ruwa ya ɗauke. Wa zai ba da gurbi ga mai shirin tafiya, ga yara cike da fili masu shirin zama? Abin da za ka ce shi ne ka san bambancin aikin biyu. Likita yana jiran wanda ciwo ya kawo asibiti. Kai kuwa rabin aikinka a cikin gari yake, gida-gida, wurin mai unguwa da liman da ungozoma, kana ƙoƙarin kada a kai ga kwanciya. Ƙaramar hukumar Illela ta haura mutum dubu 150 tun a ƙidayar 2006, yau kuwa Allah kaɗai ya san adadi, kuma akasarinsu fuskar da suke fara gani idan yaro ya kwana da zazzaɓi ta malamin asibiti ce.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami, ko da yake yabonka yana yi mini ɗaci a baki.

Goggo ta tsegunta mini abin da ba ka so a sani. Ta ce wani dare da damina an buga maka ƙofa daga wani ƙauye ta wajen Kalmalo, ka ɗauko mace da ɗanta a babur cikin taɓo, yaron ya kwana biyu yana gudawa. Kuka iso, malamin asibiti ya yi abin da zai iya, amma an makara. Ta ce malamin ya gaya maka cewa da an fara ba yaron ruwan gishiri da sukari tun ranar farko, da wataƙila ba a kai ga haka ba. Ta ce ba ka karɓi kuɗin mai ba, kai da ko ni ka ɗauka sai ka caje ni. Ta ce tun daga ranar ba ka rabo da ƙullin gishiri da sukari na asibiti a aljihun babur, duk ƙauyen da ka sauke fasinja ka ji yaro na zawo sai ka tsaya ka nuna wa uwar yadda ake dama shi a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Har ka je ka tambayo cewa ana haɗa shi da ƙwayar zinki ta kwana goma.

Wawan banza, ga amsarka nan a aljihun babur, ka tafi intanet kana kwaso ta wani! Wannan labari babu yaron da zai shiga da irinsa, don kai ka gani da idonka. In suka yi maka tambaya goma a kansa za ka amsa goma, saboda ba hadda ba ce. Ka faɗe shi a taƙaice: abin da ka gani, abin da ka yi bayan nan, da abin da ka gane ba za ka iya ba sai an koya maka. Wannan na ƙarshen shi ne ƙofar makarantar. Ka ce ka iya dama gishiri da sukari, amma ba ka san yadda ake gane yaron da ruwan jikinsa ya ƙare har sai an tura shi gaba ba. Ka ce kana ganin yara masu tamowa a ƙauyuka, kana son ka iya auna damtsensu da tef ɗin nan mai launi, ka san cewa ƙasa da santimita 11.5 ja ne, ba a jira. Ka ce kana son ka iya ƙirga numfashin jariri ka bambance mura da ciwon haƙarƙari. Mutumin da ya san abin da bai sani ba, malami na son sa a aji.

Kada kuma ka yi kuka a gabansu. Na san ka da arhar hawaye tun ranar da aka yi maka kaciya, gari ya ɗauka gobara ce.

Akwai wata dukiyar da kake da ita wadda kake jin kunyarta, wato shekarun da ka yi kana gararamba a bakin iyaka. Ka san hanyar Araba da Gidan Hamma da Damba da Tozai da rani da damina. Ka san wace hanya ke yankewa idan ruwa ya sauka. Kana jin Fulatancin sayen nono, da gaisuwar Buzaye, da Faransancin ciniki wanda ko Bafaranshe ba zai gane shi ba amma mutanen Ƙonni na ganewa. Dalilin da ya sa ka koyi waɗannan hanyoyi, wannan tsakaninka da jami'an kwastan ne, ni ban ce komai ba. Amma ga ma'aikacin lafiya, ilmi ne da ba a koyarwa a aji.

Ka tuna musu cewa ciwo ba ya tsayawa a shinge a buga masa hatimi. Wanda ya ci kasuwar Illela ranar Lahadi shi ne a kasuwar Ƙonni ranar Laraba, da tarinsa da ƙyandar ɗansa. Mutanenmu na tsallakawa asibitin Galmi, na tsallaken iyaka na gangarowa Sakkwato. Sanƙarau na 1996 ya kama fiye da mutum dubu 100 a Nijeriya, ya kashe fiye da dubu 11, kuma duk bazara idan zafi da ƙura suka haɗu hankalin ma'aikatan lafiya a tashe yake a ɓangarorin biyu. Da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji ranar 25 ga Agustan 2020, manya ne suka yi jawabi, amma masu ɗauke da akwatin sanyi a tasha da kasuwa da mashigar iyaka, suna ɗiga wa yaran matafiya, su suka yi wahalar. Haka masu bin gida-gida da damina suna ba yara daga wata 3 zuwa wata 59 maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Aikin da kake nema ke nan. Akwai rana a cikinsa, akwai ƙura, akwai maigidan da zai rufe maka ƙofa ya ce ba a shiga, ka koma ka nemo mai unguwa ku dawo tare. Farar rigar da kake mafarki, yawancin ranaku a rataye za ta wuni.

Daga nan sai tambayar da ke kayar da 'yan gari: idan aka tura ka ƙauyen da babu mai shayin dare, babu gidan kallon ƙwallo, sabis sai an hau tudu, za ka zauna? Kada ka yi saurin cewa ko'ina aka kai ka za ka je, don sun san ƙarya ce, kowa haka yake cewa sannan ya kama bin 'yan siyasa a mayar da shi gari. Halin tsaro a gabashin Sakkwato ba ɓoyayye ba ne, su ma suna da 'ya'ya. Ka faɗi gaskiya: kai ɗan yankin ne, danginka na nan, ba ka da wata Abuja da kake hari, kuma zaman ƙauye ba baƙonka ba ne. Idan maganar albashi ta taso, kada ka yi fuskar waliyyi ka ce kuɗi ba su dame ka ba. Duk Illela an san kuɗi sun dame ka. Neman halal ba abin kunya ba ne. Ka ce kana son sana'ar da za ka riƙe iyali da ita wadda rufe iyaka ba ya kashe ta, kuma kana son ta zama mai amfani ga mutanenka. Sai dai ka sa wannan a baya, labarin yaron a gaba.

Saura 'yan ƙananan abubuwa, waɗanda ga mai hankali ba sai an faɗa ba, amma da kai nake magana.

Ka bar baƙin gilashin nan a gida. Ka sa kaftani wankakke da hula, ba rigar ƙwallon da ka yi shekara kana kwana da ita ba. Ka yanke farce, don mai neman taɓa marasa lafiya hannunsa ake fara kallo. Ka kashe waya, kada ana tsakiyar magana wani ya kira yana tambayar nawa jaka take yau. Takardunka na asali da kwafinsu su kasance a jere cikin fayil, ba a naɗe cikin ledar burodi ba. Ka isa da wuri: Gwadabawa a kan hanyarka ta zuwa Sakkwato take, ba ka da uzurin ɓata, kuma kada ka tsaya ɗaukar fasinja a hanya don ka fanshe kuɗin mai.

Idan ka shiga ka yi sallama, ka jira a ce ka zauna. Kada ka tambaye su ya kasuwa. Babban abin da nake tsoro shi ne hannunka, wanda ya saba zuwa aljihu da kansa duk inda ya ga mutum a bayan tebur. Nan ba shinge ba ne, ba a ba da na goro. In ka kuskura, da ƙafarka za ka fito, ba gurbi ba mutunci.

Da Turanci za a yi maka tambaya, saboda haka ka yi gajerun jimloli da kalmomin da ka mallaka. Manyan kalmomin da ka aro ba su san ka ba, za su watsar da kai a tsakiyar hanya. In ba ka ji tambaya ba, ka roƙi a maimaita. In aka tambaye ka abin da ba ka sani ba, misali a wane sanyi ake ajiye allurar riga-kafi, kada ka yi ciniki, kana cewa biyar, a'a bakwai, to nawa kuka saya. Amsar ita ce tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salsiyas, na ba ka wannan sadaka. Sauran da ban ba ka ba, ka ce ba ka sani ba amma ka zo ne ka koya. A aikin lafiya, mai kame-kame ya fi jahili haɗari, kuma su sun fi kowa sanin haka.

Kafin ranar, ka je asibitin sha-ka-tafi mafi kusa da ku ka roƙi malamin ya bar ka ka wuni kana kallo. Ka ga yadda ake awon ciki, da yadda ake gwajin zazzaɓi da ɗigon jini kafin a ba da magani, da yawan rajistar da ake cikawa. Ka tambaye shi abin da ya fi ba shi wahala. In ka fito har yanzu kana so, to da gaske kake. In ka ji zuciyarka ta koma kan jarka, ka bar wa wani gurbin tun da wuri, ka huta ka hutar da mutane.

Idan Allah ya sa ka dace, ga sharuɗɗana. Ba za ka koyi allura a jikina ba, ko a jikin iyalina, ko a jikin akuyata. Ba zan kira ka dokta ba ko da an ɗaure ni, malamin asibiti kake, kuma suna ne mai daraja wanda ya fi ƙarfinka a yanzu. Lissafin kuɗin sharar da ke tsakaninmu kuwa yana nan, albashin farko nake jira mu zauna a gaban Goggo a warware shi. In kuma aka kayar da kai, kada ka ce an yi maka magudi ko an sayar da gurbinka. Ka zo nan Sakkwato, ina neman mai wanke mini mota.

Ku kuma sauran yara masu shirin shiga irin wannan intabiyu, a Gwadabawa ne ko Kano ko Damagaram, musamman 'yan mata, waɗanda ƙauyukanmu suka fi bukata don akwai ɗakin da namiji ba ya shiga, ku ɗauki darasi daga wannan bawan Allah. Kowannenku yana da abin da ya gani a gidansu ko a unguwarsu da ya sa ya sayi fom. Ku nemo shi ku faɗe shi da bakinku. In kun duba ba ku sami komai ba sai sha'awar farar riga, ku sake tunani, domin aikin rayukan mutane ne.

Ɗan Goggo, yaga takardar haddar nan yau, ka bar awaki su koma zaure. Ka je ka faɗi gaskiyarka cikin minti biyu ka yi shiru. In kana da bakin ramawa, fili na nan, amma ka ba wani ya duba maka rubutun kafin ka aiko.

Naka, ɗan kawunka kuma ubangidanka har abada.